Talabijin ɗin Ɗakin Jira

Ranar Talata da hantsi Khadijatu tana shagonta na gyaran kwamfuta a bakin kasuwar Wunti, ta kwance wata laftof tana goge fankarta, sai wayarta ta yi ƙara. Dokta Irmiya ne, mai wani ƙaramin asibiti a Ɗan Iya. Ko gaisuwa bai bari sun gama ba.

"Injiniya, idan da hali ki zo yanzu. An yi mana ɓarna."

"Kwamfutar ce ta mutu, Likita?"

"Da ma mutuwa ta yi, da ya fi mini."

Ta kulle shago, ta tare keken haya.

Ita ce ta haɗa masa kayan aikin nan shekara biyu da suka wuce. A lokacin ya ce ba shi da ƙarfin sayen kwamfuta uku, ita kuma ta ce ɗaya ma ta isa. Ta samo masa mai kafa uku a baya, inda ake soka wayar allo, ta ajiye ta a ƙarƙashin teburin karɓar marasa lafiya. Kafa ta farko ta tafi allon Cecilia, mai rubuta sunaye da ba da kati. Ta biyu ta bi ta cikin silin zuwa ofishin likita, inda yake nuna wa mace hoton cikinta bayan an ɗauka. Ta uku ta tafi talabijin ɗin da ke rataye a ɗakin jira, wanda ba ya nuna komai sai lambar wanda layi ya zo kansa. Manhajar lambobin ma Khadijatu ce ta rubuta da hannunta. Tana alfahari da aikin, har ta yi irinsa a wurare biyu bayan nan.

Da ta shiga asibitin ta tarar an kashe talabijin ɗin, an zare wayarsa tana lilo. Wata nas ce ke kiran lambobi da baki. Kujerar Cecilia babu kowa.

Dokta Irmiya ya rufe ƙofar ofis, ya gaya mata abin da ya faru. Jiya Litinin wata mata mai suna Rabi'atu, matar soja daga barikin Shadawanka, ta zo hoton ciki. An ɗauka, an aiko hoton allon ofis, yana cikin yi mata bayani aka ɗauke wuta. Da aka tada janareto allon ofis ya dawo babu komai a kansa, shi kuma ya ci gaba da bayani da baki. Ashe a waje, hoton nan yana kan talabijin, da sunanta da na mijinta, da shekarunta, da makonnin cikin, manya-manyan haruffa. Mutum wajen ashirin ne a zaune. Ya fi minti uku kafin nas ta lura ta zare waya.

"Cikin waɗanda ke zaune akwai maƙwabciyarta, Maman Elias, layinsu ɗaya a bariki," in ji likita. "Matar nan ɓari uku ta yi a jere. Ita da mijinta sun yanke ba za su gaya wa kowa ba sai ciki ya yi ƙwari. Ko mahaifiyarta ba ta sani ba. Kafin magariba mata sun cika mata ɗaki suna yi mata barka."

"Innalillahi," in ji Khadijatu.

"Mijin ya zo da safen nan, Sajan Sabitu. Bai yi ihu ba. Da ya yi ma da sauƙi. Tsayawa ya yi a nan inda kike, ya ce in gaya masa wanda ya yi. Na ce mai kula da kwamfutar ce ta ja hoton zuwa inda bai kamata ba, kuma na sallame ta."

"Cecilia ta ce ita ta ja?"

"Ta ce ba ta taɓa komai ba. To wa zai taɓa? Ita kaɗai ce da maus, linzamin kwamfutar. Abin da nake so ki yi, ki sa wani abu da zai hana duk wadda zan ɗauka yin irin wannan."

Khadijatu ta miƙe. Ta fita ta zauna a kujerar Cecilia. A kan tebur akwai ƙaramin kalanda na coci da robar ruwa da ba a shanye ba. Ta buɗe inda kwamfutar ke rubuta duk abin da ya same ta, ta gangara zuwa jiya. Ƙarfe sha biyu da minti goma sha huɗu, alluna biyu sun ɓace. Minti shida bayan nan, allo ɗaya ya dawo. Bayan daƙiƙa tara, ɗayan ya dawo. Ta duba sunan wanda ya fara dawowa, ta ɗaga kai ta kalli bango.

"Sista, wannan talabijin ɗin ba shi ne wanda na haɗa ba ko?"

Nas ɗin ta ce, "Wancan ya ƙone tun watan jiya. Wannan sabo ne."

Khadijatu ta fita waje ta kira Cecilia. Sai a kira na uku ta ɗauka, muryarta a dashe.

"Anti Khadija, ina wuni."

"Lafiya lau. Cecilia, lokacin da aka tada janareto jiya, kina ina?"

"Ina bayan gida wajen maigadi. Inji ya ƙi tashi, na je na riƙe masa tocila yana duba mai. Da na dawo na ga mutane suna kallon sama. Na faɗa wa Likita, bai saurare ni ba. Shekara huɗu ina wurin nan, Anti, ban taɓa ɓatar da ko kati ɗaya ba."

"Kina iya zuwa ƙarfe huɗu, bayan an sallami mutane?"

"An ce kada in sake zuwa."

"Ni ce na kira ki. Ki zo."

Ƙarfe huɗu da rabi ɗakin jira ya zama babu kowa sai su uku da maigadi. Cecilia ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a hammata, ta ƙi zama. Khadijatu ta mayar da wayar talabijin, ta buɗe katin gwaji mai sunan ƙarya, ta tura hotonsa allon ofis. Talabijin yana nuna lamba bakwai. Sannan ta zare maus da kibod gaba ɗaya ta miƙa wa likita.

"Riƙe su, Likita. Yanzu babu mai taɓa kwamfutar nan, ko?"

"Babu."

Ta ce wa maigadi, "Baba, kashe mana babban layi, ka ƙirga ashirin, ka mayar."

Fanka ta tsaya. Kwamfutar da allon Cecilia suka ci gaba da aiki, domin su kaɗai ke kan batiri. Da wuta ta dawo, talabijin ya haska, kuma abin da ke kansa ba lamba bakwai ba ce. Hoton gwajin ne, da sunan ƙaryar a sama.

Dokta Irmiya ya kalli talabijin, ya kalli maus ɗin da ke hannunsa.

"A sake," ya ce.

Aka sake. Haka ya kuma fitowa.

Khadijatu ta yi masa bayani a hankali. Manhaja ɗaya ce babba take riƙe da kafofin nan uku duka, kuma a wurinta allunan uku kamar tebur ɗaya ne mai faɗi. Sauran manhajojin ba su da allon kansu, ita ce ke ajiye shafin kowace inda ta ga dama. In wuta ta ɗauke, alluna biyu sun ɓace mata. In ta dawo, wanda ya fara farkawa shi take ɗauka a matsayin allo na biyu, ta ɗora masa abin da ke kan na biyu. Tsohon talabijin nauyin tashi gare shi, kullum allon ofis ke riga shi, shi ya sa shekara biyu ba a ga komai ba. Sabon ya fi sauri.

"To laifin talabijin ne ke nan," in ji likita.

"A'a, Likita. Laifina ne. Ni na haɗa shi a haka. Bai kamata a ce akwai hanyar da hoton mara lafiya zai bi ya kai bangon nan ba, ko da wuta ko babu. Na san allunan a haɗe suke, na ga yana aiki, na bar shi."

Ta faɗi haka ne tana kallon tebur. Tun a cikin keke take fatan ta tarar da wani dalili daban, kuma tun da ta duba kwamfutar ɗazu ta san babu.

Cecilia ta zauna a benci, ta ajiye jakarta a cinya. Likita ya dube ta. Daga baya ya ajiye maus ɗin, ya je ya tsaya a gabanta.

"Cecilia, na zalunce ki. Ki yafe mini. Ki dawo aikinki gobe."

"To, Sa," ta ce, ba ta ɗaga kai ba. "Amma sojan nan da sunana ya tafi."

Likita ya juya ga Khadijatu. "Sai in sayi wata kwamfutar saboda talabijin kaɗai?"

"Za ka iya, kuma in ka zaɓi haka ba zan hana ka ba. Amma akwai wata hanya. Ba ni kwana uku. Kafin nan kada a kunna shi."

Hanyar ta taɓa karantawa a kanta, ba ta taɓa gwadawa ba. Irin tsarin da ta sa a kwamfutar yana ba da dama babbar manhaja ta saki kafa ɗaya, ta ba wata manhaja haya. Muddin kafar tana hannun mai haya, babbar ba ta da ikon zana ko ɗigo a allon da ke jikinta, ba ta ma lissafa shi cikin allunanta. Kamar mai gida ne ya ba da ɗaki ya miƙa makulli. Wahalar ita ce, mai hayar dole ta iya zana abinta da kanta kai tsaye, kuma manhajar lambobin da Khadijatu ta rubuta ba ta iya ba, ta saba a yi mata.

Ta ɗauki irin kwamfutar daga cikin na shagonta, ta aro talabijin a wurin Malam Ja'afaru mai sayar da kayan wuta a shagon kusa, ta jera alluna uku a kan benci. Ranar Laraba gaba ɗaya ta tafi a karatu da sake rubutu. Da la'asar ta samu lamba ta fito a talabijin, amma a karkace, rabinta a waje. Ranar Alhamis ta gyara wannan, ta gwada jan shafi daga allon farko zuwa gefe, ya tsaya cak a bakin allo kamar ya ci karo da bango. Ta yi murmushi a karon farko tun Talata. Sai ta zare wutar talabijin ta mayar, ya dawo baƙi ƙirin, ya zauna a haka.

Malam Ja'afaru ya leƙo. "Hajiya, kin kashe mini kaya ne?"

"Da ransa, Malam. Manhajar ce ba ta san ya dawo ba."

Ta ƙara wani ɗan sashe da zai zauna yana jira, duk lokacin da talabijin ya farka ya sa manhajar lambobi ta sake karɓar kafarta ta zana. Ta kuma rubuta wa babbar manhaja cewa kafa ta uku ba tata ba ce ko da babu kowa a kanta. Haka ta yi wa kafa ta biyu, ta ba manhajar hoto. Sannan ta zauna tana zare wuta tana mayarwa, tana ja layi a takarda kowane karo. Sau hamsin ta yi. Wani lokaci talabijin ya yi daƙiƙa biyar baƙi kafin lamba ta fito. Bai taɓa nuna wani abu daban ba.

Ranar Juma'a da safe, kafin a buɗe asibiti, ta kai aikin. Cecilia ta dawo, tana shirya katuna, gaisuwa kawai suka yi. Aka sake kiran maigadi ya kashe layi ya mayar har sau goma, har ya fara gunaguni. Khadijatu ta kashe manhajar lambobin da gangan, talabijin ya yi baƙi.

"Wannan shi ne mafi munin abin da zai iya faruwa yanzu," ta ce wa likita. "Ko lamba, ko duhu."

"Duhu ba ya kai ni kotu," in ji shi.

Ta ce wa Cecilia ta gwada jan katin gwajin zuwa talabijin. Cecilia ta ja da ƙarfi, ta sake ja, maus ɗin har ya faɗo daga kan tebur. Shafin bai wuce bakin allonta ba.

"Ko ina so ba zan iya ba ke nan," ta ce.

"Ko kina so."

Sauran maganar Shadawanka. Likita ya ce zai kira Sajan Sabitu a waya ya yi masa bayani. Khadijatu ta ce ita za ta je da ƙafarta, tun da ita ce ya kamata a ambata tun farko. Cecilia ta ce za ta bi ta. Ranar Asabar da yamma suka hau keke ɗaya. A ƙofar bariki aka tsayar da su, sai da sajan ya aiko aka shigar da su.

Ɗaki biyu ne da ɗan baranda, an shanya kakin soja a igiya. Sajan Sabitu dogo ne, mai ƙarancin magana. Ya ba su kujeru, shi ya tsaya. Rabi'atu tana zaune a kan tabarma ta jingina da bango, ga faranti da ɗanyen mangwaro a gefenta. Ba za ta wuce shekara ashirin da bakwai ba.

Bayan gaisuwa Khadijatu ta ce, "Yallaɓai, an gaya maka wannan baiwar Allah ce ta saka hoton iyalinka a talabijin. Ba ita ba ce. Ba ta ma cikin ɗakin lokacin. Ni na haɗa kwamfutar, kuma yadda na haɗa ta ne ya jawo. Na zo in faɗa da bakina, in kuma ba ku haƙuri."

Ya tambaye ta yadda aka yi. Ta gaya masa, ba ta rage komai ba. Ya saurara har ƙarshe, ya yi tambaya biyu a kan batirin da janareton, irin ta wanda ya saba da na'ura. Sannan ya dubi Cecilia.

"Madam, na ambaci sunanki a inda bai kamata ba. Zan koma in gyara."

"Na gode, Oga," in ji Cecilia.

Khadijatu ta juya ga Rabi'atu. "Malama Rabi'atu, an gyara. Ba zai sake faruwa da kowa a wurin ba."

Rabi'atu ta jujjuya wuƙar da take yanka mangwaron.

"Madalla," ta ce. "Waɗanda za su zo bayana sun huta. Ni kuwa yanzu duk wadda ta gan ni a famfo cikina take fara kallo kafin fuskata. Jiya na ɗauki bokiti, mata uku suka taso suka ƙwace. Ba mugunta suke yi ba, na sani. Maman Elias ma kuka ta yi da ta gane ba na so a sani. Amma wancan karon da na rasa, ni da shi kaɗai muka yi kukanmu muka share. In wannan ma ya tafi, layin nan gaba ɗaya zan yi wa bayani."

"In sha Allahu zai zauna," in ji Cecilia.

"Allah ya sa."

Khadijatu ta juya ga sajan. Ta ce likita ya ce a gaya musu duk awon da ya rage zai yi da kansa, a ranar da babu kowa in suna so.

Sajan ya ce, "Ku gode masa. Mun mayar da katinta asibitin bariki. Ba don fushi ba. Ita ce ta ce ba za ta iya sake zama a ɗakin nan ba."

Ba su daɗe ba. Da za su tafi Rabi'atu ta yunƙura za ta raka su, mijin ya ce ta zauna, ta harare shi ta miƙe duk da haka, ta kai su bakin baranda.

"Kin kyauta da kika zo," ta ce wa Khadijatu. "Na yafe. Raina dai bai gama hucewa ba, kada in yi miki ƙarya."

Suka hau keke, har suka kusa shataletale. Can Cecilia ta ce, "Anti, da kin yi shiru ranar nan babu wanda zai sani."

"Da wata rana abin ya sake faruwa, ke ba kya nan."

Cecilia ta sauka a mahaɗar unguwarsu. Khadijatu ta ce wa mai keke ya wuce da ita hanyar Jos. A can akwai wani ɗakin gwajin jini, ɗaya daga cikin wurare biyun da ta yi wa irin wannan haɗin, kuma suna rufewa ƙarfe shida. Ta riga ta kira mai wurin tun Laraba ta ce ya kashe talabijin ɗinsa, ya ce to, amma ba ta yarda ya kashe ba. Da ta isa ta tarar da shi a kunne, yana nuna lamba goma sha tara, mutum huɗu suna zaune a ƙasansa. Ta gaishe su, ta jawo kujera ta taka, ta zare wayar, sannan ta tambaya ina mai wurin yake.